Sukarin Ta'aziyyar Ijja

Tarudant, watan Maris

Zuwa ga Tilila 'yar Lahusin,

Shekara bakwai ke nan ina jiran dunƙulen sukari ɗaya daga gidanku. Si Tayeb, wanda ke rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya, ya ɗaga alƙalami ya ce ba a fara takarda da ƙorafi, sai da gaisuwa. Na ce masa ya rubuta abin da ya fito daga bakina, gaisuwar tana nan tafe a inda na ajiye ta.

Ranar da matata Ijja ta rasu, babu wanda bai shigo gidana da sukarinsa a hammata ba. Maƙwabta sun kawo. Mutanen ƙauyenmu sun sauko daga dutse sun kawo. Har mutumin da muka daɗe muna rigima a kan ruwan gonar lemo, wanda na taɓa fasa wa baki, ya zo ya ajiye nasa ya zauna shiru yadda ake yi. Sukari ya taru a ɗaki har ya kai taga. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na san hannun da ya kawo kowanne. Babu na gidanku. Kakanki ɗan ƙanin mahaifina ne, bargo ɗaya muka ja muna yara. Tun daga ranar na hana a faɗi sunansa a gabana, kuma ba za ki gan shi a takardar nan ba.

To, yanzu gaisuwa. Ina gaishe ki. Ina lafiya, ban da gwiwar dama da kunnen hagu, wanda ya ajiye aiki, shi ya sa ba na karɓar waya, kada ki wahalar da kanki. 'Yata Rkia, wadda muke zaune tare, lafiyarta ƙalau. An ɗan yi ruwa, lemo ya yi fure.

Takardarki ta zo daga Faransa. Kin ce za ki zo ƙasar nan, kina so ki kwana biyu a gidana ki ga inda mutanenki suka fito. Wannan na gane. Abin da ban gane ba shi ne keke. Na sa Si Tayeb ya sake duba kalmar, ko Faransancinsa ne ya tsufa. Ya ce keke ne, mai taya biyu, daga Tanja har nan.

Ba don ke mace ba ce. Rabin matan garin nan a keke suke zuwa kasuwa, Rkia ma da shi take ɗauko tukunyar gas. Amma na san yadda mutanen Faransa ke zuwa gida. Mota suke cikawa har rufinta ya lanƙwashe, su shigo unguwa suna danna ham. Motar mahaifinki ma na sha jin labarin wucewarta zuwa Agadir, bakin teku, ba ta taɓa ɓatan hanya ta biyo ta ƙofata ba. Yanzu kuma sai keke? Wanda ya taho daga Tanja a keke, ko dai ba shi da kuɗin bas, ko akwai wanda yake gudu.

Ki faɗa mini gaskiya. An sallami Lahusin daga aiki ne? An karɓe gidan? In haka ne, ba abin kunya ba ne, akwai sha'ir, akwai mai, akwai ɗakin da ba kowa. Ban faɗa wa kowa ba sai mai askina da mai sayar da na'a-na'a, su kuwa ba su da yawan magana sai da rana.

Amma ki ji sharaɗina. Ko a mota kika zo, ko a keke, ko da rarrafe, ɗan gidanku ba zai tsallake ƙofata hannu rabbana ba. A ba ki sukarin ki taho da shi.

Ni ne,
Bihi u Mbarek

*

Lens, ƙarshen Maris

Dadda Bihi,

Baba ya ce Dadda zan kira ka, kada in kuskura in rubuta sunanka haka kawai. Ina gaishe ka, ina gaida Lalla Rkia, da Si Tayeb da ke karanta maka. Ka yi haƙuri da Faransanci, yarenmu a baki kawai na iya shi, shi ma Kaka Mammas ta ce kamar ina tauna tsakuwa. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Mu duk lafiya, sai Kaka Mammas da ke fama da baya.

Ba a sallami kowa ba, Dadda. Gidan yana nan, motar ma tana nan. Da na karanta wa Baba wurin sha'ir da ɗakin da ba kowa, ya yi dariya har ya ƙware. Na gode. Ka taimaka ka gyara labarin a wurin mai aski.

Hutu ne kawai. Ina aikin jinya a asibiti, ɓangaren masu ciwon sukari, na tara hutuna na shekara biyu don in yi wannan tafiyar. Zan hau jirgin ƙasa zuwa Sete, in shiga jirgin ruwa zuwa Tanja, daga nan in bi bakin teku a hankali, in ratsa Marrakesh, in haye dutsen Tizi n Test in gangaro muku. Ba gudun kowa nake ba. So nake in ga ƙasar da idona da ƙafata, ba ta gilashin mota ba.

Maganar sukari ce ta ɗaure mini kai. Na tambayi Baba, ya tashi ya ce zai je wanke mota, in tambayi kakata. Na tambayi Kaka Mammas, ta dube ni ta ce, "Bihi ne ke maganar sukari? Shi?" Sai ta ƙara ƙarar talabijin. Iyakar abin da na samu ke nan.

Ga matsalata. Duk abin da zan ɗauka sai na ɗora shi a sikelin kicin, domin ni zan tura shi kan dutse. Riga biyu, tukunya ɗaya ƙarama, tanti. Har mariƙin buroshin haƙorina na yanke don ya rage nauyi. Ba zan iya ɗauko abu mai nauyi ba. Sannan a shekarunka, Dadda, sukari ba abokinka ba ne, kullum ina ganin abin da yake yi wa ƙafafun tsofaffi. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ake jefawa a shayi, suna da zaƙi, ba sa cutarwa, ba su da nauyi ko kaɗan. Zan kawo maka gwangwani biyu, in kuma auna maka jini in na zo.

Na yi baƙin cikin rasuwar Lalla Ijja. Ina makaranta a wani gari lokacin, ban ji komai sosai ba. Allah ya jiƙanta.

Ban san abin da ya shiga tsakaninka da Kaka Belaid ba, kuma ka yafe mini da na rubuta sunan. Kafin in tashi zan biya in yi masa sallama. Yana hutawa a gefen gari, wuri ne shiru mai bishiyoyi, tsofaffin abokan aikinsa na ramin kwal da yawa suna nan kusa da shi. Baba yana zuwa duk Juma'a. Zan gaya masa wurinka zan je.

In za ka amsa, ka aika nan Lens. Baba zai ɗauki hoton takardar ya turo mini a waya duk inda nake.

'Yarka,
Tilila

*

Tarudant, watan Afrilu

Tilila,

Gaisuwa. Ina lafiya. Gwiwar tana nan yadda take. Rkia tana gaishe ki, ko da yake tun da aka karanta takardarki take ta fasa mini kofuna a kicin, ban san abin da ya same ta ba.

Ƙwayoyi. Si Tayeb, rubuta shi a layinsa shi kaɗai. Ƙwayoyi.

Yarinya, kin ɗauka shayi ne ba ni da abin sa wa? Kantin da ke jikin bangona cike yake da sukari, in na buga bango mai kantin zai miƙo mini ta taga. Ashe an haife ki, an yi miki makaranta har kina auna jinin mutane, amma ba a gaya miki abin da ake shiga gidan mutuwa da shi ba. Ba laifinki ba ne. Laifin waɗanda suka je wanke mota ne.

Bari in gaya miki. In an yi wa mutum rasuwa, ɗan'uwansa yakan ɗauki dunƙulen sukari a takardarsa, ya taka da ƙafarsa, ya ajiye a gabansa. Ba sai ya ce komai ba. In yana nesa, ya ba wani amintacce ya ce, kai wa wane, ka ce daga wane. Shi ke nan an san cewa mutuwar ta taɓa gida biyu. In bai zo ba, an san ta taɓa gida ɗaya. Wadda ta rasun nan, ita ta ɗinka wa kakarki kayan aure.

Yanzu maganar hutu. Ashe ku mutanen gidan nan duk hutu kuke. Ke kina hutu a kan keke, shi kakan naki yana hutu a ƙarƙashin bishiya da abokansa. Madalla. Na tambayi Si Tayeb ko irin gidajen nan ne da Turawa ke ajiye tsofaffinsu, ya tsaya yana goge tabarau, ya ce shi abin da ke takarda ya karanta. In can kuka kai shi kuna leƙa shi ranar Juma'a kamar fursuna, wannan ma abin magana ne, amma ba yau ba.

Tunda kina son keke, ki tambaye shi wa ya kai shi Faransa. Shekarar da Bature ya zo ɗibar ma'aikatan ramin kwal, a keken aro muka tafi, ni ke tuƙi, shi yana zaune a kan ƙarfen gaba kamar amarya, yana kukan ɗuwawunsa. Aka tuɓe mana riguna a rana, Baturen yana duba haƙora yana matsa damtse, yana buga wa kowa tambari a ƙirji. Kore, ka tafi. Ja, ka koma gida. Shi ya samu kore. Ni aka duba idona na hagu aka buga mini ja. Ni na sake tuƙo shi gida, yana riƙe da rigarsa a buɗe don kada gumi ya goge tambarin. Ban yi masa hassada ba. Na riƙe masa uwarsa har ta rasu, ni na sa ta a kabari. A lokacin ya san hanyar aiko da sukari.

Don haka in kin je sallamar, ki tsaya a gabansa ki ce: Bihi ya ce ka tashi daga hutun nan ka amsa masa. Yana da baki, yana da ɗa mai mota, yana da jika mai keke. Me Ijja ta yi masa? In ni na yi masa laifi, ya faɗa, in ji. Ba Mammas nake tambaya ba, ba Lahusin ba. Shi.

In bai ba ki sukarin da hannunsa ba, ki yi hutunki, ƙasar tana da faɗi, akwai masauki a kowane gari. Ba zan ce kada ki zo Tarudant ba, garin ba nawa ba ne. Ƙofar ce tawa.

In kin zo hawan Tizi n Test, ki cika aljihu da duwatsu saboda karnukan makiyaya, kuma in kin ji babbar mota a bayanki ki sauka ki manne da dutse. Direbobin nan ba sa ganin keke. Wannan ba sulhu ba ne, hanya ce nake gaya miki.

Bihi u Mbarek

*

Sete, bakin jirgin ruwa

Dadda Bihi,

Gaisuwa a gurguje, a kan gwiwata nake rubutu. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ban ga amsarka ba har na baro gida, wataƙila tana hanya.

Tafiya ta fara. An yi mini ruwa daga tashar jirgin ƙasa har tashar jirgin ruwa, jakar hagu ta jiƙe, burodina ya zama kunu. Yanzu ina cikin layi, ni kaɗai a keke, gabana da bayana motocin mutanenmu ne, an ɗaure musu firji da katifu a rufi, daidai yadda ka faɗa. Wani dattijo ya sauke gilashi ya tambaye ni inda na ajiye motata. Da na nuna masa keken, matarsa ta ce, "Allah sarki, 'yar nan," ta miƙo mini dafaffen ƙwai biyu da lemo, ta ce kada in ji kunya, kowa da ranarsa. Na karɓa na ci. Ka ga ba kai kaɗai ba ne.

Na shiga wani kantin 'yan ƙasarmu a nan, na ga irin sukarin da kake nufi, dogo mai tsini. Na ɗaga shi, Dadda, ya fi tantina nauyi. Na mayar. Na yi dabara: in na iso unguwarku sai in saya a kanti mafi kusa, in shigo da shi. Kowa ya huta.

Na je wurin Kaka kafin in taso. Na share ganyen da ya zubo, na gaya masa zan gan ka.

Ana kiran masu keke da babura su fara shiga. Sai na sauka Tanja.

Tilila

*

Asila, kwana biyu da sauka

Dadda Bihi,

Ina gaishe ka. Na sauka lafiya, na yi tafiyar yini ɗaya daga Tanja, ina wani ƙaramin masauki a bakin teku. Si Tayeb, don Allah ka samo masa kujera kafin ka ci gaba, kuma ka karanta duka, kada ka tsallake komai.

Jiya Baba ya turo mini hoton wasiƙarka. Takardun namu sun saɓa a hanya. Da na ga taka, da ban rubuta maka shirmen da na rubuta daga Sete ba. Na karanta ta a gefen titi, na kasa komawa kan keken.

Dadda, Kaka Belaid ya rasu. Shekara bakwai ke nan. Ƙirjinsa ne, ƙurar ramin ta cinye masa huhu. Wurin da na ce yana hutawa maƙabarta ce, ɓangaren Musulmi. Haka ake faɗa da Faransanci, ban taɓa zaton ba ka sani ba. Na ɗauka fushin da kake yi da shi tsoho ne, wanda ko mutuwa ba ta kashe ba.

Na kira Baba, ban bar shi ya tafi wanke mota ba. Ga abin da ya ce. Kaka ya rasu wata ɗaya da 'yan kwanaki kafin Lalla Ijja. A ranar Baba ya kira Lalla Rkia. Ta ce kana asibiti a kan mahaifiyarta ba ka ci ba ka sha, a bari uwar ta samu sauƙi sai ita ta gaya maka. Ba ta samu sauƙin ba. Bayan haka ka hana a ambaci sunansa, Lalla Rkia kuma ta kasa.

A can gida ba wanda ya gaya wa Kaka Mammas cewa ba ka ji ba. Ta yi zaman takabarta tana jiran saƙonka. Baba ya ce duk wanda ya dawo daga ƙasar nan sai ta dubi hannunsa. Da labarin Lalla Ijja ya zo, ta yi kuka kwana biyu, sannan ta ce wanda bai san mutuwar Belaid ba, ita ma ba ta san tasa ba. Baba ya yi wa Lalla Rkia ta'aziyya a waya a ɓoye. Tun lokacin su biyun suke gaisawa duk Sallah, kowa yana jiran ɗayan ya fara gyarawa.

Na kira Lalla Rkia ma. Ta roƙe ni in zo kawai da sukari in ce Kaka ne ya ba ni, yana gaishe ka, ba ya iya rubutu. Ta ce zuciyarka ba za ta ɗauka ba. Kada ka yi mata faɗa, tsoro ne. Amma ba zan iya cin abincinka ina isar maka da gaisuwar mamaci ba.

Yanzu ban san yadda zan yi ba. Sharaɗinka shi ne ya ba ni da hannunsa, kuma ba zai yiwu ba. Zan ci gaba da gangarowa kudu a hankali. In na kai Marrakesh zan duba babban gidan waya, ka aika da sunana a ajiye mini. In ka ce in zo, zan hau dutsen. In ban ga komai ba, zan juya ta bakin teku, ba zan dame ka ba.

Allah ya jiƙansu su biyun. Ya ba ka haƙuri.

Tilila

*

Tarudant
A ajiye a gidan waya na Marrakesh har mai ita ta zo

Tilila,

Gaisuwa. Ina raye. Zuciyar da aka ce ba za ta ɗauka ba ta ɗauka, ga ta nan tana aikinta. Gwiwar ce dai.

Si Tayeb ya kai tsakiyar takardarki sai ya tsaya, ya ce rubutun ya cuɗe, in dawo gobe. Na ce masa, "Shekara ashirin kana karanta rubutun likitoci, yau na yarinya ya gagare ka? Karanta, ko in kai wa mai gyaran rediyo." Ya karanta. Da ya gama na tambaye shi ko ya sani. Ya ce tun wasiƙarki ta farko ya gane irin hutun, amma shi aikinsa kalma, ba a ɗauke shi ya ƙara ba.

Na koma gida. Rkia tana tankaɗe. Na zauna na ce ta kawo shayi, ta kawo. Na ce, "Belaid." Bakina ya yi nauyi da sunan. Ta ajiye butar ta rufe fuska da gyale. Ta ce sau uku tana farawa ina tashi in fita. Ta ce liman ya sani, mai na'a-na'a ya sani, mutanen ƙauye duk sun sani. Ta tuna mini ranar da mai aski ya ce, "Af, Dadda Bihi, ashe ɗan'uwan nan naka na Faransa," na miƙe da rabin kai a aske na tafi, ban koma wurinsa ba sai bayan Sallah. Wai wannan shi ne ƙoƙarinsu. Mutumin da ke ɗauke da labarin mutuwa, in ka tashi ai biyo ka yake yi, ya riƙe maka riga a tsakiyar kasuwa ya faɗa. Gari guda ya zuba mini ido ina faɗa da kabari, ana gaishe ni ana wucewa. Ban yafe wa kowa ba tukuna, a rubuta.

Na je wurin liman na tambaye shi maganganun da na yi ta yi a kan mutumin nan bayan salla, ina cewa Allah ya nuna masa ranar da zai jira a ƙofa ba wanda ya zo, ina suka tafi, tunda wanda aka aika wa ba ya nan? Ya ce Allah mai gafara ne. Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba. Ya ce lokacin la'asar ya yi.

Yanzu ki saurara, ga yadda abin yake a ƙa'ida. Shi ya riga rasuwa. Don haka sukarina ne ya kamata ya fara tafiya, Mammas ta yi gaskiya a nan, ko da yake ba ta da gaskiya a sauran. Na saya. Ba a kantin jikin bangona ba, na taka har babbar kasuwa da gwiwar nan. Yana kan tebur a takardarsa, na hana Rkia taɓawa.

Ke kuma ki hau dutsen ki zo. Kada ki sayi komai. Jikar mamaci ce ke, ba a shiga da sukari a hannun wanda za a yi wa ta'aziyya. Ke za a ajiye wa a gaba. Za ki zauna a ɗakin Ijja, mutanen ƙauye za su sauko, za a yi masa sauka da abinci yadda ya kamata a yi tun tuni. Na san hutu kika zo. Ki yi haƙuri, hutun zai jira kwana uku.

In za ki koma, ke za ki kai wa Mammas sukarin. Kin ce ya fi tantinki nauyi. To ki bar tantin a nan, ba wanda zai sace shi. Ki ajiye a gabanta ki ce daga Bihi. In ta karɓa, sai ta aiko na Ijja. Wannan bashin bai faɗi ba, kada wani ya ɗauka ya faɗi.

Saura abin da ba ki sani ba, don ba ki wurin. Ki ɗauki hoton takardar nan yadda kuke yi, ki tura wa mahaifinki, ya kashe talabijin ya karanta wa uwarsa da yarenmu. Mammas, da ke nake. Wa ya wanke shi? Mutanenmu ne, ko baƙi? Me ya sa aka bar shi a can cikin sanyi, alhali akwai wuri kusa da uwarsa, ni na bar masa shi da hannuna? Shi ya ce a bar shi, ko ku kuka ga ya fi sauƙi? Ya daɗe yana jinya? Yana cikin hankalinsa?

Kuma ke kina gefensa a ƙarshe. Ya kira sunana, ko bai kira ba? Kada ki gyara, kada ki ƙara don in ji daɗi, an yi mini wannan ya isa. In bai kira ba ki ce bai kira ba. Ba na son saƙon Lahusin, ba na son a kira Rkia a waya a ce a gaya mini. Ki sa a rubuta da bakinki, a aiko ƙofar gidan waya. Kullum da safe ina nan a bencin Si Tayeb, ya san ba zan tashi ba.

Na yi tambaya. Wani ya amsa mini.

Bihi u Mbarek